Ku Tambaya Mu Amsa: Digirin digirgir a kan dokar ƙaura, ta ina ake shiga?

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, don haka na tsamo huɗu na haɗa su wuri guda. Na rage tsawon wasu saboda fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni lauya ne a Kano, na gama mastas a kan dokokin ƙasa da ƙasa. An turo mana talla a gurup ɗin WhatsApp wai wata jami'a a Turai na neman ɗalibin digirin digirgir a kan dokar ƙaura da yarjeniyoyin zirga-zirga tsakanin ƙasashe, kuma wai har albashi za a dinga biya. Dan Allah gaskiya ne ko ƴan damfara ne? In gaskiya ne me ake bincika a ciki, kuma irina da ko Kwatano bai taɓa zuwa ba yana da rabo?

AMSA: Wa alaikumus salam Barista. Irin wannan talla akwai ta da gaske, kuma maganar albashin ma gaskiya ce. A Holan da Danmak da Suwidin da Nowe ɗalibin digirin digirgir ma'aikacin jami'a ne, kwantiragi zai sa wa hannu, shekara 4 a Holan da Suwidin, 3 a Danmak, duk wata kuɗi na shiga ana cire haraji kuma yana da hutunsa kamar kowane ma'aikaci. Shi ya sa abin ya bambanta da sikolashif da muka saba, gurbin aiki ne, mutum ɗaya ko biyu za a ɗauka kuma intabiyun neman aiki za a yi maka. Tantancewa ba wuya, ka rufe WhatsApp ka shiga shafin jami'ar da kanka ka nemo tallar a can, ko a EURAXESS inda ake zuba guraben bincike na Turai, ko AcademicTransfer na Holan, ko Jobbnorge na Nowe. In ba ta a ko ɗaya toh ka shafa fatiha.

Akwai kuma tsarin Marie Curie na Tarayyar Turai wanda jami'o'i da yawa ke haɗuwa su ɗebi ɗalibai a tare. Shi ba ruwansa da fasfo ɗinka na wace ƙasa ne. Sharaɗinsa kar ya zama ka riga ka mallaki digirin, kuma kar ya zama ka zauna a ƙasar da za ta ɗauke ka fiye da wata 12 a cikin wata 36 na baya. Kaga kenan rashin fitarka waje bai hana ka komai ba.

Wuraren da suka yi suna a wannan fanni in kana son ka fara leƙe: cibiyar dokar ƙaura ta jami'ar Radboud a Nijmegen, da ta jami'ar VU a Amsterdam, da Leiden da Maastricht duk a Holan, sai Ghent a Beljiyam, sai cibiyar MOBILE a Kofenhagen wadda Farfesa Thomas Gammeltoft-Hansen ke jagoranta, sai Janeba a Siwizalan inda Vincent Chetail yake. A Ingila akwai cibiyar nazarin ƴan gudun hijira ta Oksfod da ta kafu tun 1982, amma can tsarin daban ne, sai ka samu gurbin karatu sannan ka nemi mai biya.

Abin da da yawan namu ba su gane ba shi ne yadda kuɗin ke zuwa. Wani farfesa ne ya rubuta buƙata ya ciyo tallafi na shekaru, babbar tambayar binciken an riga an tsayar da ita tun kafin a san da kai, kai yanki ɗaya za ka ɗauka. To in ka ɗauko tsohon furofozal ɗinka ka sauya sunan jami'a kawai ka tura, a shafin farko za a gane. Ka karanta bayanin aikin sau da yawa, ka nemo maƙaloli biyu uku na mai aikin ka karanta tsaf, sannan wasiƙarka ta nuna ga gurbin da ka hango a cikin aikin nasu ga kuma dalilin da ya sa kai ne za ka iya cike shi.

Yanzu ga abin da ake bincika. Su waɗannan yarjeniyoyi fuska biyu gare su kuma sau da yawa a takarda ɗaya ake ɗinke su: ɓangare ɗaya na cewa za mu buɗe wa ma'aikatanku da ɗalibanku ƙofa, ɗayan na cewa amma ku karɓi mutanenku da muka taso ƙeyarsu. Wadda Jamus ta ƙulla da Indiya a 2022 da wadda ta ƙulla da Kenya a Satumba 2024 duk haka suke. Najeriya ma ta sa hannu da Tarayyar Turai a kan wata manufa ta bai ɗaya a kan ƙaura a 2015, aka buɗe tattaunawar karɓar waɗanda aka koro a 2016. Ita ma yarjejeniyar Samoa, ta Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, da Najeriya ta sa wa hannu a Yuni 2024, wadda aka yi ta hayaniya a kanta a gidajen rediyo da masallatai, akwai babi guda a cikinta a kan ƙaura da mayar da mutane gida, amma wannan babin ba wanda ya ɗaga murya a kansa.

Inda lauya ke samun abinci shi ne, yawancin sabbin nan da gangan ake ƙin kiransu yarjejeniya. Sai a ce sanarwa ce, ko takardar fahimtar juna, don kar a kai su gaban majalisa kuma kar kotu ta samu inda za ta kama. Ka duba ta Turai da Turkiyya ta Maris 2016, da wasu masu neman mafaka suka kai ƙara kotun Tarayyar Turai a Lukzambag, a 2017 kotun ta ce ita ba ta da hurumi don wai ba Tarayyar ce ta ƙulla ba, shugabannin ƙasashe ne a ƙashin kansu. Ta Italiya da Libiya ta Fabrairu 2017 ba ta bi ta majalisar Italiya ba, amma da ita aka dogara aka horar da masu gadin tekun Libiya aka ba su jiragen ruwa suna tare mutane suna mayar da su gidajen tsare mutane, cikinsu har da namu. Ta Tarayyar Turai da Tunisiya ta Yuli 2023 ita ma takardar fahimtar juna ce. Ta Ingila da Ruwanda ta 2022 kuwa ta gamu da kotun ƙoli a Nuwamba 2023 aka ce ta saɓa doka, sabuwar gwamnati ta zo ta binne ta a 2024. To takardar da ake cewa ba doka ba ce amma tana sa a ɗaure mutum ko a sa shi a jirgi, wa zai kai ƙara, a wace kotu, kuma wa zai biya diyya? Kai da ka san sashe na 12 na tsarin mulkin 1999, cewa yarjejeniya ba ta zama doka a Najeriya sai majalisa ta mayar da ita doka, ka tambayi kanka a kan wane tushe jami'anmu ke aiwatar da irin waɗannan takardu. Wannan kaɗai kundi ne.

Maganar rabo kuma. Ni a ganina abin da ke kayar da mutanenmu ba ƙarancin ilimi ba ne, faɗin taken bincike ne. Kowa sai ya rubuto "dalilan da ke sa matasan Afirka tafiya Turai", abin da aka rubuta har aka gaji, kuma wannan ma ba tambayar shari'a ba ce. Alhali a ƙofar gidanka akwai abin da ɗan Holan ba zai iya taɓawa ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga kowace ƙasa ba biza ya zauna kwana 90, daga baya aka ƙara da ƴancin zama a 1986 da na kafa sana'a a 1990. Amma a 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi masu ɗimbin yawa, kamar yadda Gana ta yi a 1969 lokacin Busiya, korar da ta taɓa Yarbawa da mutanen zango. A Agusta 2019 Najeriya ta rufe boda har zuwa Disamba 2020, duk wanda ke Jibiya ko Illela ko Maigatari ya san abin da ya gani. Wane magani doka ta tanadar wa ɗan kasuwar da aka hana wucewa, kuma me ya sa ƙararraki irin wannan ba su cika isa kotun ECOWAS da ke nan Abuja ba? Ko ka koma shari'ar Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Borno da aka ɗauka a 1980 aka ajiye a Cadi wai ba ɗan ƙasa ba ne har kotu ta ce ɗan ƙasa ne, ka bi sawu ka ga yadda ake tabbatar da zama ɗan ƙasa a yankin da iyaka ta ratsa tsakiyar dangi. Kana jin Hausa, ka san yadda ake neman fayil a rajistirin kotu, ka san wanda za ka gaisar kafin jami'in shige da fice ya buɗe baki. Wannan ka rubuta shi ƙarara a wasiƙarka, kar ka ji kunya.

Sai dai gargaɗi ɗaya. Wasu ayyukan na son ɗan Afirka ne don ya shiga inda su ba za su iya shiga ba ya kwaso musu bayanai, kar ka yarda ka zama karen mota, kai ne lodi kai ne sauke kaya suna kuma na direba. A intabiyu ka tambaya kai tsaye, bayanan da na tattaro sunan wa zai hau kan maƙala, kuma ina da damar tsara tambayata ni kaina? Farfesan kirki zai ji daɗin tambayar.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Daga Maraɗi nake, na yi mastas a fannin dokar gwamnati a Yamai, da Faransanci na yi karatu Turancin Ingilishi nawa kaɗan ne. Ni ma ina so amma na ga kamar komai da Ingilishi ake yi.

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Wallahi kai ne ma ke zaune a kan taska. Dokar Nijar mai lamba 2015-36 ta Mayu 2015 a kan safarar baƙin haure tana cikin dokokin Afirka da aka fi rubutu a kansu a Turai. An fara aiki da ita gadan-gadan a 2016 bayan taron Valletta na shugabannin Turai da Afirka a kan ƙaura a Nuwamba 2015 da asusun gaggawa da Turai ta kafa, aka kama direbobi a Agadas aka ƙwace motoci, ɗauri daga shekara 5 zuwa 10, alhali yawancin fasinjojin ƴan ECOWAS ne da ke da ƴancin yawo a cikin Nijar har bakin iyaka. Direbobi suka koma bin hanyoyin da ba rijiya don kauce wa jami'ai. A Nuwamba 2023 Janar Tiani ya soke dokar har da hukunce-hukuncen da aka yanke a ƙarƙashinta. Yawancin abin da aka rubuta hira ce da direbobi da ƙungiyoyi, amma wanda zai zauna ya karanta hukuncin alƙalai ɗaya bayan ɗaya da Faransanci ya ga da wace hujja aka ɗaure mutane, sannan ya je ya yi hira da Hausa, irinsa ba su da yawa.

Ga kuma wata. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025, sun fito da fasfo ɗin AES, wato ƙawancensu na ƙasashen Sahel, ECOWAS kuma ta ce a ci gaba da barin mutanensu suna wucewa har sai an ga hali. To ƴancin da ya tashi daga yarjejeniya ya koma alfarmar sanarwa, meye matsayin Bamaraɗen da ke da shago a Kantin Kwari ko Bakanon da ke Damagaram? Wani abin mamaki kuma, yarjejeniyar zirga-zirga ta Tarayyar Afirka ta 2018 na buƙatar ƙasashe 15 su tabbatar da ita kafin ta fara aiki, huɗun da suka fara tabbatarwa su ne Ruwanda da Sawo Tome da Mali da Nijar, wato biyu daga ciki suna cikin waɗanda suka bar ECOWAS. Sannan ga batun Aljeriya, tun bayan mutum 92 da suka mutu da ƙishirwa a sahara a Oktoba 2013, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, da fahimtar da ƙasashen biyu suka yi a 2014 ta dawo da ƴan Nijar, wadda ta kai ga ana sauke har waɗanda ba ƴan Nijar ba a bakin iyaka su tako kusan kilomita 15 a ƙafa zuwa Asamaka.

Wuraren Faransanci akwai su: cibiyar nazarin ƙaura ta Migrinter a jami'ar Poitiers ta Faransa, ƙungiyar EDEM a jami'ar Louvain ta Beljiyam, Janeba da Neuchâtel a Siwizalan wadda gwamnatinta ke ba da tallafin bincike duk shekara. Ka dai san ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024, don haka maganar biza ka saka ta a lissafi tun farko. Kafin ka hango nesa ma ka fara da gida, akwai cibiyoyin bincike irin su GERMES a jami'ar Abdou Moumouni da LASDEL nan Yamai, su ne Turawan ke nema in sun zo, kuma ta hannunsu ake samun tsarin nan na rajista a jami'a biyu da sufabaiza biyu. Ingilishin kuma ka dage ka koya ko na karatu ne, don mujallun fannin mafi yawa da shi suke fita.

TAMBAYA: Malam ni malama ce a wata kwalejin ilimi a Katsina, kimiyyar zamantakewa na karanta ba lauya ba. Ina son bincike a kan matanmu da ake kaiwa aikatau Saudiyya. Ina da aure da yara uku. Akwai hanya ko in haƙura?

AMSA: Malama kar ki haƙura. Tsangayar shari'a zalla yawanci za ta nemi mastas na lauya, amma cibiyoyin nazarin ƙaura ba sa nema, kuma ayyukan shari'ar ma da yawa yanzu suna ɗaukar wanda ya iya hira da mutane don a ga yadda doka ke aiki a ƙasa ba a takarda ba. Akwai Sussex da Oksfod a Ingila, Osnabrück a Jamus, kuma kusa da gida akwai cibiyar nazarin ƙaura ta jami'ar Gana a Legon da ke ba da digirin digirgir, da ta jami'ar Wits a Johannesbag.

Taken naki mai kyau ne in kin matse shi. Tsarin kafala na ɗaure takardar zaman ma'aikaci a wuyan uban gidansa, kuma gyaran da Saudiyya ta yi a 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba. Filifin ta ƙulla yarjejeniya ta musamman da Saudiyya a 2013 a kan masu aikin gida, wasu ƙasashen gabashin Afirka ma sun bi sahu. Ki tambaya, mace da ejan ya ɗauka daga Kano ko Funtuwa, wace takarda ce ke kare ta, wa ya ba ejan ɗin lasisi, in an riƙe mata fasfo ko albashi ina take kai kuka, in ta dawo hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP na kallonta a matsayin wadda aka yi safara ko ma'aikaciyar da aka cuta? Najeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1990 ta kare ma'aikata baƙi, amma ƙasashen da ke karɓar ma'aikatan, na Turai da na yankin Gulf, sun ƙi shiga. Kuma matan nan ke za su gaya wa abin da ba za su taɓa gaya wa namiji ba balle Bature. Ki dai shirya wa kwamitin ɗa'a na jami'a, za su tsare ki da tambayar yadda za ki ɓoye sunayensu da inda za ki ajiye muryoyin da kika naɗa.

Batun iyali, tun Janairu 2024 Ingila ta hana masu mastas na aji zuwa da iyali amma ta bar masu digirin bincike, Marie Curie kuma na ƙara wani abu a kan albashi ga mai iyali. Ki yi lissafin haya da kyau don ɗaki na mutum biyar a Amsterdam ko Landan zai cinye albashin. Abin da na fi ganin ya dace da ke shi ne ki yi rajista a jami'ar gida ki nemi tallafin Commonwealth na raba zama, wata 12 a Ingila sauran a gida kusa da yara da kuma matan da za ki yi hira da su. Hukumar tallafa wa manyan makarantu ta TETFund ta sanar a ƙarshen 2024 cewa ta dakatar da tura malamai waje, amma tallafin karatun cikin gida na nan, ki je ofishinsu na kwalejinku ki ji halin da ake ciki.

TAMBAYA: Salam. Ɗana ne ya gama mastas, wani ejan ya ce in kawo naira miliyan biyu zai samo masa digirin digirgir mai albashi a Turai har da rubuta masa furofozal. In sayar da fili in bayar?

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, kar ku sayar da filin. Guraben nan masu albashi ba a sayen su kuma ba a biyan ko sisi wajen nema, yaron da kansa zai cike a shafin jami'a, kwamitin malamai ne ke zaɓa. Furofozal ɗin da wani ya rubuta masa kuwa a minti biyar na farkon intabiyu zai tonu, don tambaya za su yi ta jefo masa a kan kowane layi. Inda kuɗi ke shiga da gaske shi ne jarrabawar Turanci ta IELTS, yawanci ana neman maki 6.5 zuwa 7, sai kuɗin karɓo sakamakon karatu daga jami'arsa, sai fasfo, sai kuɗin biza bayan an riga an ɗauke shi. Ku ce masa ya ciro babi mafi kyau daga kundin mastas ɗinsa ya gyara don za a nemi samfurin rubutu, ya je ya gaida malamansa biyu da za su rubuta masa takardar shaida tun yanzu ba ana saura kwana biyu a rufe ba, kuma ya nemi wurare da yawa a lokaci guda don gurbi ɗaya mutane da dama ke rububinsa. Tallafin Ingila da na Siwizalan yawanci tsakanin Satumba da Janairu ake rufewa, guraben Holan da Nowe kuwa kowane wata suna iya fitowa, sai ya dinga leƙawa duk mako.